Rumbun Malam Isiyaku Ya Ƙi Buɗuwa

Ku samarin da kuke zuwa shagona a nan Gaya kuna cewa in koya muku aiki a wata ɗaya, ina jin ku. Kun ce haɗa kwamfuta da kwamfuta har su riƙa miƙa wa juna fayil ba wani abu ba ne, danne-danne ne kawai, kun gani a waya wani yana yi cikin minti uku. Ba zan yi musu da ku ba, shi ma mai bidiyon bai yi ƙarya ba. Abin da bai nuna muku ba shi ne, shi babu ɓera a ɗakinsa, ba a ɗauke masa wuta ana tsakiyar aiki, kuma mai gidan ba ya tsaye a kansa yana tambaya ko an gama. Shekarata ashirin da 'yan kai ina wannan sana'a tsakanin Gaya da Ajingi, amma har yau in aka kira ni aka ce wannan ba ta ganin waccan, sai na yi bisimilla kafin in taɓa komai.

Aikin farko da maigidana Malam Tanko ya ba ni a Kano shi ne fitar da gidan zanzaro daga cikin wata kwamfuta. Shi asalinsa mai gyaran tafireta ne. Da ya ga tafireta ta kama hanyar barin gari sai ya bi kwamfuta, bai ji kunyar tambayar sa'o'in 'ya'yansa ba. Wata shida ban taɓa kibod ba, daga bulowar hure ƙura sai sukudireba sai matse kan waya. Wayar da ake haɗa kwamfutoci da ita, in kun feɗe ta za ku ga 'yan ƙananan wayoyi takwas a ciki, kowacce da launinta da gurbinta. In ka sauya wa biyu wuri, ido ba zai gani ba, amma ba abin da zai wuce. Malam Tanko yakan karɓi wadda na matse, ya ɗaga ta a haske kamar mai duba ƙwan zabi, ya datse kan ya yar, ya ce in sake. Ba faɗa, ba zagi, sai dai wannan kalma ɗaya. Na tsane ta a lokacin, ga shi yanzu ita nake yi muku safe da yamma.

Shi ne ya ba ni tsarin da nake bi har yau. Yakan ce kwamfutocin gida ɗaya kamar gidajen unguwa ne: kafin ka ci tuwon gidan wani, sai da hanyar zuwa, sai ka san ƙofar, sai ka yi sallama an amsa, sannan a ba ka izinin shiga. Hanya ita ce waya da rauta, wato ɗan akwatin nan mai fitilu da dukkan wayoyin suke haɗuwa a jikinsa. Ƙofa ita ce suna da lambar da kowace kwamfuta take da ita. Sallama wani ɗan umarni ne da ake bugawa, wannan ta aika wa waccan saƙo ta jira amsa. Shi ya raɗa masa wannan suna, ni ma ban taɓa kiransa da wani ba. Izini kuwa shi ne sunan mai shiga da kalmar sirrinsa. Ya ce duk rigimar raba fayil ba ta wuce waɗannan, kuma a bi su a jere, kada a fara da rufi ba a haƙa tushe ba.

Jakar aikina ba ta da wani abin burgewa, kun sha leƙa ta kuna taɓe baki. Filayar matse kan waya ce, da testa mai 'yan fitilu da ke nuna wace ƙaramar waya ce ta mutu, da sukudireba biyu, da naɗin waya, da kawunan waya a cikin gwangwanin madara, da 'yan batura masu kamar kwabo, da tsohuwar laftof ɗina mai fasasshen gefe. Akwai kuma ƙaramin littafi da nake rubuta sunan kowace kwamfuta da lambarta a kowane gida. Kalmar sirri kaɗai ce ba na rubutawa, ba na ma son a faɗa min in da hali. Abin da ba ka sani ba, ba za a ce kai ka fitar da shi ba.

Wani mai kemis a Gafasa ya taɓa kirana, kwamfutar shago da ta gida suna ɓacewa suna dawowa, yau ana ganin wannan, gobe waccan. Ya riga ya sa an yi masa addu'a a kansu. Na duba, ashe duk biyun ya sa musu suna ɗaya, sunansa, don yana ganin ai duk kayansa ne. Na tambaye shi in 'ya'yansa biyu sunansu ɗaya, ya ƙwala kira, wa zai amsa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, muka mai da ɗaya Shago, ɗaya Gida, rigima ta ƙare. Wani hedimasta kuma sau uku ina zuwa gidansa don firinta tana ƙin aiki kullum da la'asar, sai a na ukun na zauna na zuba ido. La'asar na yi aka zo aka zare rauta daga soket aka sa cajin waya. Irin wannan ba a koyonsa a bidiyo, sai ka zauna a kan tabarmar mutane ka sha ruwansu.

Muguwar shekarata kuwa ni na jawo wa kaina, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Lokacin aiki ya buɗe min, ina gaggawa, sai na riƙa jan waya ta saman kwanon rufi daga ɗaki zuwa ɗaki, maimakon in bi bango in sa ta cikin bututu. Da rani ba wanda ya ga aibu. Damina na sauka aka yi wata tsawa, rauta da kwamfutoci suka ƙone a gidajen da na yi wa aiki, daga Gaya har Ajingi, kamar an aika musu takardar gayyata. Aka daina kirana Injiniya, aka koma Mai Tsawa. Wayata ta yi shiru wata da watanni, na koma gonar gyaɗarmu ta gado ina noma, in na samu sarari in bi gida gida ina sauke wayoyin nan ina binne su yadda ya kamata, ba wanda ya sa ni. Wasu sun buɗe min ƙofa, wasu sun ce Allah ya ba da haƙuri. Na ji kunya ƙwarai a shekarar nan, kuma ita ce ta mai da ni ma'aikaci.

Cikin waɗanda suka buɗe min ƙofa akwai Malam Isiyaku na Ajingi, kuma aikin gidansa ne nake son ku saurara da kyau.

Malam Isiyaku tsohon ma'aikacin sashen ƙasa ne a ƙaramar hukuma. Da ya yi ritaya sai ya buɗe ofis a shagon ƙofar gidansa, yana auna wa mutane gonaki, ya zana taswira, a rubuta takardar iyaka, dattawa su sa hannu. Shi gwanin zane ne amma bugun rubutu ba nasa ba ne, da yatsa ɗaya yake yi kamar kaza tana tsince gero. Mai bugun ita ce matarsa, Hajiya Rakiya, wadda ta koyi tafireta tun kafin aure, hannunta kuwa in tana bugu har soro ake jiyo shi. Gidan ba a shiga, kuma ita ba ta fitowa shago. Don haka shekara tara kafin wannan labari na huda bango na ja waya, aka ajiye kwamfuta ɗaya a ɗakinta, ɗaya a shago tare da firinta. A tata kwamfutar aka buɗe folda guda da duk takardun suke ciki, Malam ya sa mata suna Rumbu. Ita ta buga ta zuba a Rumbu, shi ya buɗe daga shago ya haɗa da taswira ya fitar. Ranar da na gama haɗawar Juma'a ce. Muka rufe shago muka tafi masallaci, ta fito ta buga kalmar sirrinta a kwamfutar shago da kanta, injin ya riƙe, tun daga nan ba wanda ya sake tambayarta.

To, sai kwamfutar shagon ta mutu, babban ɗansu Nasiru da ke aiki a Kano ya aiko da sabuwa fil. Aka jona, Rumbu ya ƙi buɗuwa. Aka kira ni.

Na fara da hanya, kamar yadda aka koya min. Fitilar rauta ta wajen wayar cikin gida tana ƙyafta ido tana mutuwa. Na bi wayar da hannu har bakin hudar bango, na tarar ɓera ya yi buɗe-baki da ita. Na ji daɗi a raina, na ce yau da wuri zan koma gida. Na zura sabuwa, Malam ya shiga ya ja ta daga ciki ya jona, testa ta nuna duk ƙananan wayoyin suna da rai. Na yi sallama daga sabuwar kwamfuta, ta cikin gida ta amsa nan take. Na danna Rumbu, sai ya nemi suna da kalmar sirri. Malam ya leƙa soro ya ɗaga murya ya tambaya. Na jiyo ta daga ciki ta ce sunan ɗan fari ne, duka da ƙananan baƙaƙe. Kun san iyayenmu mata na wancan zamani, ko da wuƙa a wuya ba za su kira sunan ɗan fari ba. Malam ya dawo ya ce in rubuta nasiru.

Na rubuta, ya ƙi. Na cire wasalin ƙarshe, ya ƙi. Na gwada irin rubutun 'yan boko, ya ƙi. Da na ɗago zan tambaya ko akwai wani abu a gaba ko a baya, Malam ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Injiniya, ni zan manta yadda ake rubuta sunan ɗana?” Dattijo ne, ya yi min rana a shekarar da kowa ya juya min baya, ba zan tsaya ina ja da shi a kan sunan ɗansa ba. Kuma saƙon da injin yake nunawa bai ce kalmar ba daidai ba ce ƙarara, cewa yake ba ka da izini, ko kuma ba a iya isa wurin, ka tuntuɓi mai kula da hanyar. Mai kula da hanyar kuwa ni ne, ga ni zaune ina zufa.

Sai na shiga neman laifi a wani wuri, kuma abin haushin, na yi ta samu. Sabuwar kwamfuta in ta ga hanya takan tambaya nan gida ne ko bainar jama'a, in aka ce bainar jama'a sai ta ƙulle ƙofofinta. Wanda ya fara kunna ta ya zaɓi bainar jama'a. Na gyara, na ce yauwa, ga shi nan. Ya ƙi. Na duba katangar tsaronta na buɗe wa raba fayil hanya. Ya ƙi. La'asar ta yi na haɗa jakata na ce sai gobe.

Washegari na ce ina bukatar ganin abin da ke fuskar kwamfutar ciki. Tagar ɗakin Hajiya tana kusa da soro na biyu, sai aka shimfiɗa min tabarma a nan, Malam ya zauna kusa da ni, ni ina faɗa ita tana dannawa tana karanto min. Ban taɓa aiki da mai saurin fahimta irinta ba, kafin in ƙarasa faɗar abu ta buɗe shi. Da na ce ta karanto min kwanan wata, sai ta karanto wata shekara da ta wuce tun tuni. Batirin agogon ciki ya mutu, kuma kwamfutocin da agogonsu ya saɓa da nisa sukan ƙi yarda da juna. Na ba Malam sukudireba da sabon batir ya kai mata, na yi mata kwatance daga bayan bango, ta kwance murfin, ta cire tsohon, ta sa sabon, ta mayar. Malam ya fito yana cewa shi ko ramin sukurun bai gani ba. Aka daidaita agogo, na koma shago da ƙarfin gwiwa. Ya ƙi. Na tuna sababbin kwamfutoci sun daina jin tsohon yaren da tsofaffi suke raba fayil da shi, na kunna mata shi. Ya ƙi.

Duk wannan abu aiki bai tsaya ba, don magada ne daga Toranke suke jiran takardun rabon wata babbar gona, gida biyar, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. In ruwan shuka ya sauka ba a kafa iyaka a takarda ba, kowa zai shuka inda yake ganin nasa ne, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Za ku ce ai sai a yi amfani da filashi. An yi. Malam ne yake ɗaukar filashin ya shiga ya fito, ya shiga ya fito, duk gyaran kalma ɗaya tafiya ce, ga shi da ciwon gwiwa. Wajen azahar a rana ta biyun nan ya zauna a bakin shago yana murza gwiwar, ya ce shi ya gaji. Gobe in ban gyara ba za a fito da kwamfutar ciki a ajiye a shago kusa da 'yar'uwarta, a huta da waya da bango gaba ɗaya.

Ta fuskar aiki maganarsa daidai ce, ni ma da an fito da ita da na fi ganin abin da nake yi. Na koma soro ɗaukar testata da na bari, Malam yana waje wajen baƙinsa, sai na ji muryarta daga taga, a hankali.

“Injiniya, kana nan?”

Na ce ina nan, Hajiya.

“In kwamfutar nan ta fito, ba za ta koma ba. Akwai ɗan ƙanensa mai difloma da ya daɗe yana neman a ba shi bugun. Ni ba ni da ta cewa, amma shekara tara ke nan in na idar da aikin gida nan nake zama. Duk gonar da ke ƙasar nan na san iyakarta, ban taɓa taka ko ɗaya ba. Ka duba mana da kyau, don Allah.”

Na ce in sha Allahu. Tausayinta ya kama ni, haushin kaina kuma ya fi. Ashe wayar da nake wa kallon aikin rabin yini, ita ce ƙofar ofishinta.

Da safe a kan babur, hanyar Gaya zuwa Ajingi, na yi ta bin tsarin Malam Tanko ɗaya bayan ɗaya. Hanya na gwada da testa. Ƙofa na gani da idona. Sallama an amsa. Duk abin da na gyara a kwana biyun nan laifi ne na gaske, shi ya sa kowanne ya ruɗe ni. Abu ɗaya ne ban gwada ba, na karɓa kawai: kalmar sirri. Kuma daga bakin wa na karɓa? Daga bakin mutumin da bai taɓa buga ta ba ko sau ɗaya. Ita da take bugawa ba ta faɗi sunan ba, ba ta kuma ji abin da ya gaya min a shago ba. Na so in tsaya in mari kaina. Kuna iya cewa da sai in sa ta canza kalmar a wuce wurin, kuma da zai yi aiki. Amma sai ka san ciwo kafin ka ba da magani, kuma sai na faɗa wa Malam dalilin canzawar. Yanzu ta yaya zan tambaya ban ƙaryata dattijo a gidansa ba, ban kuma sa uwa ta kira sunan da ba ta kira ba? Na wuce gonaki biyu ko uku ina juya abin kafin dabara ta faɗo min.

Na iso na tarar Malam ya kwashe taswirori daga kan wani tebur a shago, ya goge shi, ya ja shi kusa da soket. Wurin zaman kwamfutar ke nan. Na roƙe shi minti biyar a soro kafin a ɗauko ta. Ya ce to, amma biyar ɗin ce. Muka shiga muka tsaya, na yi sallama ta amsa, na ce ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa. Muka ji ƙarar fanka. Na ce, “Hajiya, ki buga kalmar kamar kullum, amma kada ki shiga tukuna. Ki ƙirga min ɗigon da suka fito a akwatin a madadin baƙaƙen.”

Muka jiyo bugun, da sauri, hannu ya saba. Ta ce, “Bakwai.”

Malam ya ɗaga hannu ya fara naɗe yatsu yana motsa leɓe, yana ƙirga baƙaƙen sunan Nasiru. Ya ƙare a shida. Ya sake daga farko, shida dai. Ya juya wajen tagar, na ga ya ja numfashi zai yi magana, irin ta mai gida da aka ɓata wa lokaci. Sai ya fasa. Hannun nan yana sama da yatsu a naɗe, ya daɗe a haka, sannan ya sauke shi a hankali ya dafa bango. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina duban testata kamar yau na fara ganinta.

Ya juya ya nufi shago, na bi shi. Ya zauna a kujerar da nake aiki, ya gyara tabarau, ya ce in kawo masa wurin da ake rubutawa. Na danna Rumbu, akwatin ya fito, na juya fuskata wajen ƙofa ina kallon masu wucewa da buhunan iri a kan amalanke. Na ji bugu da yatsa ɗaya, a rarrabe, yana neman kowane baƙi. Sau bakwai. Da na waiwayo Rumbu a buɗe yake, takardun shekara tara a jere, na mutanen Toranke a sama.

Bai yi murna ba, ni ma ban yi ba. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Can ya tambaye ni, ita wannan kalma sau nawa ake buga ta. Na ce duk sanda aka kunna kwamfutar, kullum da safe, in kuma an ɗauke wuta an dawo da ita sai an sake. Ya gyaɗa kai.

“Wanda aka haifa kafin Nasiru ne,” in ji shi. “Bai yi kwana arba'in ba. Ni na yi masa huɗuba da bakina.”

Na ce Allah ya sa mai ceto ne. Ya ce amin. Ban tambayi sunan ba, har yau ban san shi ba.

Ya tashi ya kwaso taswirorin da ya ajiye a ƙasa, ya mai da su kan teburin da ya goge, ɗaya bayan ɗaya, ya tura teburin jikin bango inda yake a da. Sannan ya leƙa soro, bai ɗaga murya kamar shekaranjiya ba, ya ce Hajiya ta ƙarasa gyaran takardar gida na biyar ta zuba a Rumbu, mutanen Toranke suna hanya. Ba a jima ba bugun nan nata ya fara tasowa daga ciki. Na ji sanyi a raina, irin wanda ya sa har yanzu ban yi nadamar wannan sana'a ba.

Saura abu ɗaya in haɗa jakata. Na nuna masa wani ɗan gurbi a ƙasan akwatin kalmar sirri, na ce in na sa alama a nan injin zai riƙe kalmar kamar yadda tsohuwar ta yi, ba sai ya wahalar da yatsansa kullum ba. Na riga na kai hannu kan mawus. Ya dafa min hannun.

“Bar shi haka, Injiniya. Zan riƙa bugawa.”

Na bar gurbin ba alama, na ɗauki jakata na yi masa sallama.